Tomatin ɗari a miyar damina: sha'anin kwalba da marfinta

Duk wanda ya ratsa kasuwar Maraɗi ko ta Kwanni tsakanin watan Janairu da na Maris ya san abin da ake kira arahar tomati. Kwanduna ne jibge a rana, na Jiratawa da na fadamun jihar Tawa, masu lambu suna roƙon a saya, dillalai suna ja da baya, kafin la'asar kuma na ƙasan kwando ya fara tsiyayar da ruwa, ƙudaje sun yi masa rumfa. Bayan wata huɗu ko biyar, da ruwan sama ya sauka, uwargidan da ta raina kwando guda ita ce za ta tsaya tana jayayya a kan ƴaƴa huɗu ƙanana da aka kasa a faranti. Kowace shekara haka abin yake. Tsofaffi sun yi masa maganin kauɗa: a yayyanka, a shanya, a ɗura a buhu. Masu albashi kuwa sun daɗe suna dogara ga tomatin gwangwani da ake shigowa da shi daga waje, har ranar 12 ga Janairu 1994 da aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, kayan waje suka yi tsalle, magidanta suka koyi lissafin cokali.

Akwai hanya ta uku, wadda ƙungiyoyin mata da ɗaiɗaikun matan gida suka runguma a birane, wato a markaɗa tomati, a dafa, a ɗura a kwalba mai faɗin baki, irin wadda Faransawa ke kira bokal, a tafasa, a ajiye. Dabara ce mai kyau ƙwarai, kuma tomatin kwalba ya fi kauɗa ja da ɗanɗano. Amma fa tana da ƙa'ida, kuma wadda ta koye ta daga bakin maƙwabciya sau da yawa rabin ƙa'idar take samu. Rabin da ya ɓace a hanya shi ne mai tsare rai.

Asalin abin daga Faransa ne. Wani mai sana'ar alewa a birnin Paris, Nikola Aper, ya shafe shekaru yana ɗura nama da ganye da madara a cikin kwalabe masu kauri, yana toshe su da toto, yana ɗaure su da waya, sa'an nan ya tafasa su a cikin ruwa. A shekara ta 1810 gwamnati ta ba shi kyautar faran 12.000 bisa sharaɗin ya bayyana wa jama'a sirrinsa, ya kuwa buga littafi a wannan shekarar. Abin mamaki shi ne Aper ya san dabararsa tana aiki amma bai san dalili ba. Sai da Luwi Pastor ya zo bayan shekara 50 ya nuna cewa ƙananan halittun da ido ba ya gani su ke ruɓar da abinci, zafi kuma yana kashe su. Aper ya rasu a 1841 a garin Masi cikin talauci, alhali masu gwangwani a Ingila suna ta arziki da tunaninsa. Bayansa ne aka gyara kwalbar kanta: Jon Mason a Amurka ya yi rajistar mai marfin murɗawa a 1858, kamfanin Weck ya kafu a Jamus a 1900, sai kuma Le Parfait da ta fito daga garin Rans na Faransa a farkon shekarun 1930, mai marfin gilashi da maƙallin waya da zoben roba ruwan goro. Ita ce wasu tsofaffin kukun Turawa suke tunawa da ita.

Yadda marfi ke kamawa ba wani siddabaru ba ne. Idan kwalba tana cikin tafasasshen ruwa, iskar da ta rage a samanta takan kumbura, ta haɗu da tururi, ta sulale ta gefen roba ta fita. Da aka sauke ta huce, tururin ya koma ruwa, cikin ya zama kusan wayam, sai iskar waje ta danne marfin. Nauyin iskar duniya ya kai kusan kilo 1 a kan kowace santimita murabba'i, marfi mai faɗin santimita 8 kuwa yana da murabba'i 50. Ko rabin wannan nauyi ne ya hau kansa, kilo 25 ke nan, rabin buhun siminti a kan ɗan marfi. Saboda haka ƙarfin hannun mai murɗawa ba shi ke rufe kwalba ba, kuma wadda ta matse marfi har jijiyar wuyanta ta tashi ta hana iskar fita ne kawai, wani lokacin ma marfin ya lanƙwashe.

Aikin yana farawa tun kafin a hura wuta. Ana wanke kwalba da sabulu da ruwan zafi, a bi bakinta da yatsa a hankali. In an ji ɗan kaushi ko ɓallewa komai ƙanƙantarta, to wannan kwalba ta koma ta gishiri ko ta yaji, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Zoben roba sau ɗaya ake amfani da shi. Marfin ƙarfe irin na kwalbar mayonez ma haka ya kamata, don ɗan danƙon da ke zagaye da cikinsa yakan lotse a rufin farko, bai cika komawa daidai ba. Gaskiya ne sabon marfi ba ya samuwa a kowace kasuwa, kuma yawancin mata tsofaffin kwalaben mayonez suke saye a wanke. To aƙalla a ƙi wanda ya yi tsatsa, ko ya lauje, ko danƙonsa ya ɓare, a kuma sani cewa irin waɗannan kwalabe sun fi saurin fashewa da ƙin kamawa fiye da waɗanda aka ƙera don wannan aiki.

A nan ne kuskure na farko yake. Da yawa sukan tafasa kwalba ba komai a ciki na minti 10, su ɗura dafaffen tomati, su rufe, su kife ta a kan marfi, su ce an gama. Tafasa kwalbar wofi abu ne mai kyau, yana tsabtace ta, yana kuma ɗumama ta don kada ta fashe in zafi ya taɓa ta. Amma tsakanin tukunya da bakin kwalba akwai ludayi, akwai hannu, akwai ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina. Tafasar da ake dogara da ita ita ce ta biyu, bayan an cika an rufe. Kifewa a kan marfi al'adar masu dafa ƴaƴan itace da sukari ce, inda yawan sukarin ke taimakawa. Ba ta wadatar ga tomati ba.

Ana ɗura tomatin yana da zafi a kwalba mai zafi, a bar sarari kamar faɗin yatsa a sama, wajen santimita 2, a zura tsinken cokali mai tsabta a fitar da kumfar iska, a goge baki da tsumma mai tsabta, domin ƙwayar tomati guda da ta maƙale a ƙarƙashin roba ta isa ta ɓata aikin yini. A shimfiɗa tsumma a gindin babbar tukunya, a jera kwalabe, a cusa wani tsumman a tsakaninsu don kada su yi karo, a zuba ruwa mai ɗumi har ya shanye kawunansu da santimita 3 zuwa 5. Lissafin lokaci yana farawa ne daga sa'ad da ruwan ya tafasa sosai yana juyawa, ba daga sa'ad da aka ɗora ba. Ma'aikatar noma ta Amurka, wadda ta fi kowa gwada waɗannan abubuwa a ɗakin bincike, ta ba da minti 35 ga kwalbar rabin lita ta farfasasshen tomati, minti 45 ga ta lita guda. Wannan ga garin da bai kai mita 300 sama da teku ba ne, kamar Yamai. Maraɗi da Tawa da Damagaram duk sun haura haka, kuma da yake ruwa yana rasa kusan digiri 1 na zafin tafasarsa a kowace mita 300, a can yana tafasa tsakanin digiri 98 da 99. Sai a ƙara minti 5, ya zama 40 da 50. Wanda aka ƙafe ya yi kauri kamar na gwangwani zafi ba ya ratsa shi da sauri, don haka ƙananan kwalabe na kwatan lita suka dace da shi, minti 45 ko 50. In wuta ta mutu a tsakiya, lissafi ya koma farko. Itace yana da tsada, gaz ma haka, kuma a nan ne zuciya ke raɗa wa mutum cewa minti 20 ma sun isa. Kada a saurare ta.

Dalilin wannan tsanani wata ƙwayar cuta ce da ke zaune a cikin ƙasa, a kowace gona ta duniya, masana suna kiranta Kolostiridiyom botulinom. A fili ba ta da wani ƙarfi, domin iska tana hana ta girma. Sai ta dunƙule cikin wani ɓawo mai tauri ta yi barci, shekara da shekaru. Wannan ɓawo yana iya jure tafasasshen ruwa na awoyi. Abin da take jira shi ne wuri mai danshi, marar iska, marar tsami, mai ɗumi, wato dai cikin kwalbar da aka rufe da kyau aka ajiye a ɗaki. A can take farkawa ta fitar da dafin da ba a san wanda ya fi shi ƙarfi ba a cikin dafin halittu. Wani likita ɗan Beljiyam, Emil ban Ermengem, shi ya gano ta bayan abin da ya faru a ƙauyen Elzel a 1895, inda mabusan ƙauyen suka ci gishirtaccen naman alade bayan wata jana'iza, uku daga cikinsu suka mutu.

Kada a ce wannan labarin da ne. A watan Afrilu 2015, a jihar Ohayo ta Amurka, mutum 29 suka kamu a wajen cin abincin wata majami'a, sanadin dankalin da aka adana a kwalba ta hanyar tafasawa a ruwa kawai. A watan Satumba 2023 kuma, a birnin Bordo na Faransa, lokacin gasar rugubi ta duniya, mutum 15 suka kwanta bayan sun ci kifin sardin da mai wani gidan abinci ya adana da kansa a kwalabe, wata mata mai shekara 32 ta rasu. Abin lura a wannan labari shi ne mai gidan abincin ya zubar da wasu kwalaben da ya ji suna wari, ya ba baƙinsa sauran da ya ga kamar lafiyarsu lau. Hanci ya yaudare shi, domin dafin ba lalle ne ya zo da wari ko ɗaci ko kumfa ba. Wannan a Bordo ke nan, inda akwai maganin dafin da na'urar taimakon numfashi a kusa. Mai karatu ya auna da ƙauyen da ke nesa da gidan likita.

To me ya sa tomati ke tsira da tafasar ruwa, kifi da dankali ba sa tsira? Tsami. Masana suna auna shi da wani ma'auni da suke kira pH, iyakar kuwa ita ce 4,6: abin da ya fi haka tsami, ƙwayar ba ta iya farkawa a cikinsa ko da ɓawonta ya tsira. Tomati yana zaune ne dab da wannan iyaka, wani yana ciki, wani yana leƙa waje, musamman wanda ya nuna ya wuce kima ko ya fara ruɓewa, wato daidai irin wanda araha ke jawo mutum ya saya da yamma. Shi ya sa ake zaɓen lafiyayye, ake kuma zuba ruwan lemun tsami babban cokali 2 a kowace kwalbar lita guda, cokali 1 a ta rabin lita, kafin a ɗura. Ƙa'idar Amurkawa ta fi son ruwan lemun da aka sayo a kwalba saboda tsaminsa ba ya canzawa. Wadda za ta matsa na kasuwa kada ta rage ko ɗigo. Rabin ƙaramin cokali na garin asid sitirik a lita guda shi ma yana yin wannan aiki.

Ga kuma inda al'adar girkin ƙasar Hausa ke karo da ƙa'idar kwalba kai tsaye. Kowace mai girki ta san cewa in tomati ya yi tsami ana jefa masa ƴar kanwa, ko bikarbonat, ya kwanta. A tukunyar miyar yau wannan gwaninta ce. A cikin abin da za a rufe a kwalba kuwa, kanwa tana kashe mai gadin ne da kansa. Haka nan markaɗen kayan miya da aka saba yi, a haɗa tomati da tattasai da attarugu da albasar Galmi a niƙa tare: tattasai da albasa ba su da tsami, in suka yi yawa sai su rinjayi na tomatin, haɗin ya tsallaka iyaka ba tare da kowa ya gani ba. Man da ake kwarara a sama don wai ya toshe iska ba ya kashe komai, kuma ƙwayar da ake tsoro dama rashin iskar take nema. Tsohuwar dabarar jefa ƙwayar asfirin, wadda aka yi yayinta a ƙauyukan Italiya da Faransa, ita ma an daɗe da yin watsi da ita. A rufe tomati shi kaɗai da lemunsa; kanwa da albasa da tattasai su jira ranar girki.

Nama, kifi, wake, kuɓewa, alayyafo, duk waɗannan sai zafin da ya kai digiri 116 zuwa 121, wanda tukunyar buɗe ba za ta taɓa kaiwa ba ko da an ƙone itacen daji guda. Sai babbar tukunya mai matse tururi, mai agogon auna ƙarfinsa, wadda aka ƙera don kwalabe. Ƴar ƙaramar kokot ta dafa wake ma masu gwaji ba su amince da ita ba, saboda tana saurin zafi da saurin hucewa. A ƙauyukan Faransa har yau akwai masu tafasa koren wake da nama awa biyu ko uku a ruwa kamar yadda kakanninsu suka yi, kuma yawanci suna tsira, amma abincin da aka adana a gida yana cikin manyan sanadin wannan ciwo a ƙasar. Ƙasar da ta ƙirƙiro kilishi da busasshiyar kuɓewa da gabu ba ta da wata bukatar shiga wannan caca. Rana ta riga ta yi mata aikin kyauta.

In lokaci ya cika, a sauke, a ɗan jira, a ciro kwalabe a jera su a kan tsumma ko katako, nesa da zugar iska. Daɓen siminti mai sanyi yana fasa kwalba mai zafi nan take. A bar su awa 12 zuwa 24 ba a taɓa ba, ba a ƙara murɗa marfi ba. Gobe sai gwaji. Mai marfin ƙarfe, tsakiyarsa ya kamata ya lotsa ciki, in an danna da yatsa bai yi ƙara ba, bai motsa ba. Mai marfin gilashi kuwa, a saki maƙallin wayar a ɗan ɗaga marfin: in ya ƙi tashi, ya kama, in ya taso, wannan kwalba ta miyar yau ce. Sa'an nan a rubuta ranar a manna, a ajiye a wuri mai duhu, a cinye cikin shekara guda. Masu gwaji sun ce kada ma'ajiyar ta wuce digiri 35, abin da zai sa duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin kwano a Tawa cikin watan Afrilu ya yi murmushi. Ɗakin ƙasa mai rufin azara ya fi, a ƙasa-ƙasa, kusa da inda randa take, amma ba inda danshi zai ci marfi ba.

Buɗewa ma da nata ladabin. Zoben robar Le Parfait yana da ɗan kunne da ya leƙo waje, ba don ado ba: a saki waya, a kama kunnen da busasshen tsumma, a ja shi waje a miƙe har a ji iska ta shiga da ɗan tsaki, marfin zai saki da kansa. Cusa wuƙa tsakanin gilashi da gilashi shi ke ɓalle baki, ɓarɓashin ya faɗa cikin miya, kwalbar kuma ta tashi aiki. Marfin murɗawa in ya ƙi, a zuba masa ruwan zafi a kansa kaɗai don ƙarfen ya buɗa, ko a sa bakin cokali a ƙarƙashin gefensa a ɗan ɗaga har iska ta shiga. Buga shi a ƙasa al'adar masu gaggawa ce. Wannan tsakin iska mai shiga shi ne shaidar cewa kwalba ta riƙe amana. In kuwa marfin ya kumbura, ko ya buɗe ba wuya, ko ruwa ya feso, ko aka ga kumfa tana tasowa, ko furfura a sama, to kada a ɗanɗana ko da kan yatsa ne, kada a zuba wa kaji ko awaki; a tafasa ta da abin cikinta rabin awa sa'an nan a binne nesa da yara.

Wata rahama a cikin lamarin ita ce dafin, saɓanin ɓawon ƙwayar, ba ya jure wuta. Hukumar lafiya ta duniya ta ce zafin da ya haura digiri 85 na minti 5 yana lalata shi, shawarar da aka fi bayarwa kuma ita ce a tafasa abin kwalba minti 10 cur kafin a ci. Miyar Hausa da ke daɗewa a kan wuta tana cika wannan sharaɗi ba tare da an roƙe ta ba; haɗarin yana ga cokalin da ake lasa don a ji ko ya lalace, da wanda ake shafa wa yaro a burodi. Kwalbar da aka buɗe kuma ta zama kamar kowane dafaffen abinci: a firigo kwana kaɗan, inda babu firigo ko wuta ba ta tsayawa sai a gama da ita a ranar. Wannan shi ne babban dalilin fifita ƙananan kwalabe, kowace ɗaya daidai tukunya guda.

Alamun ciwon sukan bayyana tsakanin awa 12 zuwa 36 bayan ci, wani lokaci su jinkirta kwanaki. Ba zazzaɓi, hankali kuma yana nan garau. Mutum ya fara ganin abu biyu-biyu, fatar ido ta yi nauyi, baki ya bushe, harshe ya karye, haɗiya ta gagara, sa'an nan kasala ta gangaro daga wuya zuwa hannu zuwa ƙirji. Irin wannan ne ake saurin ɗora wa iska ko sammu, a ɓata kwana biyu ana turare, alhali numfashi ne ke shirin tsayawa. Ko tare da kulawar likita, hukumar lafiya ta duniya tana lissafin mutuwar 5 zuwa 10 cikin 100. In mutum biyu da suka ci kwano ɗaya suka fara haka, a garzaya da su babban asibiti a faɗa wa likita abin da suka ci, a tafi da ragowar kwalbar a ɗaure cikin leda, a kuma aika a nemo duk wanda ya sa hannu a wannan kwano, har da almajirin da aka ba saura.